Ranar da Aka Kashe Gobarar Turare

Armaya'u mai shagon kayan sola a Batsari shi ne ya fara shigo da mota mai lantarki unguwarsu. Ta hannu ce, fara, ba ta da ƙara ko kaɗan, har kaji ba sa kauce mata sai ya danna hon. Da rani an zauna da ita lafiya lau. Damina na kankama sai ta ɓullo da wani hali: da an kunna esi, wato na'urar sanyaya mota, iskar da ke fitowa ta kafofin gaba sai ta zo da wari, irin na tabarmar da ruwa ya daka aka naɗe ta ba ta bushe ba.

Shi bai damu sosai ba, sauke gilashi yake ya ci gaba da tafiyarsa. Matarsa Zuwairatu ce abin ya tsaya wa a rai, don sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma sunanta ya kai har Safana. Wata rana suka rage wa Hajiya Indo hanya daga gidan suna a Safana, ita ce kuwa babbar mai sayen kayanta. Tun kafin su bar gari Hajiyar ta ja gyale ta toshe hanci, ta ce wai mura ke damunta. Suna isowa gida Zuwairatu ta juya ga mijinta.

"Baban Nusaiba, yau an ci mutuncina. Mai turare a cikin motar wari!"

"Na kira makaniki a Katsina, ya ce zai shigo ran Asabar."

"Wari ne fa. Ina ruwan makaniki da wari? Wannan ai fannina ne."

Washegari da hantsi, bayan ya tafi shago a kan babur, ta ɗauki makulli ta fito ƙofar gida inda motar take. Ta cika kasko da garwashi, ta ɗora shi kan faranti a gaban kujerar mai zaman banza, ta zuba turaren da take ware wa amare, ba ƙyashi. Ta kunna fanka don hayaƙin ya ratsa ko'ina, ta rufe ƙofofi ruf, ta koma duba tukunyarta.

Maƙwabcinsu Baba Yero, tsohon makiyayi da ya baro Babban Duhu ya dawo gari, ya taɓa ji a rediyo cewa batirin irin waɗannan motoci kan kama da wuta. Yana fitowa ya ga gilasan sun yi fari fat, hayaƙi na tsiyaya ta gefen ƙofa.

"Gobara! Batir ya kama! Jama'a a kawo ɗauki!"

Rabin unguwa suka ruga nesa, rabi suka rugo da bokitai. Wani mai ruwa na wucewa da kurarsa, Baba Yero ya tare shi da sanda. Ya naɗe hannu da rawaninsa, ya yi bisimilla, ya fizge ƙofa. Hayaƙi ya turnuƙe su.

Wani tela ya tsaya da bokiti a hannu yana shaƙa. "Baba, wannan gobara fa da ƙamshi take."

"Haka tasu take, ta zamani ce. Zuba!"

Aka zuba. Aka ƙara zubawa.

Zuwairatu ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu, ta ga abin da ake yi, kunya ta sa ta maƙale a bakin ƙofa. Armaya'u ya iso a guje bayan an buga masa waya. Ya duƙa ya leƙa ciki, sai ga kasko kife cikin ruwa, gawayi na yawo. Ya ɗago ya dubi zaure. Ta sunkuyar da kai. A hankali ya janyo kaskon ya cusa ƙarƙashin kujera, ya miƙe ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Baba, Allah Ya saka da alheri. Da ba don kai ba..."

"Ba komai, ɗana. Haƙƙin maƙwabtaka ne."

Ran Asabar makanikin ya zo. Ya zaro matacin iska daga bayan aljihun gaban mota, ya yi baƙi ƙirin da funfuna, ya sa sabo. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya tarar zanzaro ya toshe bututun da ruwan esi ke fita da ginin laka. Ya zura waya, ruwa mai wari ya kwararo masa har wuya. Ya ce su riƙa kashe esi kafin su isa gida, su bar fanka ta busar da ciki. Sannan ya danna kujera, ta yi tsut da ruwa.

"Alhaji, kogi kuka shiga da ita?"

"Kusan haka," in ji Armaya'u.

Sai da aka kwance kujerun aka shanya su a tsakar gida, ana gudu da su rumfa duk sanda hadari ya taso.

Warin ya tafi. Amma tun daga lokacin, duk sanda Armaya'u zai je Safana, sai ya tarar da Baba Yero tsaye jikin mota da sandarsa, kuma gaba yake zama. A hanya yakan ba duk wanda aka ɗauka labarin yadda ya ceci motar. Da farko hayaƙi ne kawai a labarin. Zuwa kaka, harshen wutar ya kai tsayin bishiyar darbejiya.

"Zuwaira, ɗiyata, ke ma ai kin gani da idonki, ko?"

"Na gani, Baba," takan amsa daga kujerar baya, tana kallon gonakin gero ta taga.