Gyaran da Na Manta Na Yi

Ni da Oyindamola muka karɓi aikin manhajar fitar da sakamakon jarrabawa ta wata makarantar firamare a Jushi. Ni nake rubutawa da yaren kwamfuta na Python a ɗakina a Samaru, ita kuma take ɗorawa a kwamfutocin makarantar, don shagonta na Sabon Gari ya fi kusa.

Matsalar ɗaya ce. A layin farko manhajar tana kiran wani fakej, wato ƙaramar manhaja da wasu suka rubuta, mai shirya takardu don bugawa. A kwamfutata layin yana wucewa sumul. A hannunta kuwa sai ya tsaya cak, ya ce abin da ake nema babu shi a ciki.

Ni dai bakina yana riga hankalina. A ofishin hedimasta, Malam Cornelius, ga malamai huɗu zaune, na ce wa Oyindamola, "Fakej ɗin iri ɗaya ne. In ba ki iya ɗorawa ba ki faɗa, ki daina ɓata mana lokaci." Washegari Malam Cornelius ya ce daga yanzu ni kaɗai zan riƙa zuwa.

Ranar Asabar na je shagonta, wai ni zan koya mata. Na sauke fakej ɗin da hannuna, na danna. Saƙon nan dai ya fito. Na goge na sake, shi ne dai.

Sai na buɗe nawa da nata gefe da gefe. A nawa akwai layi goma sha biyu da babu a nata, ga sunana a samansu. Ashe bara, ina sauri, na shiga fakej ɗin mutane na ƙara abin da nake so, na manta. Duk duniya kwamfutata kaɗai ke da shi.

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Na ce, "Oyin, ki yi haƙuri, laifina ne."

Tana goge allon wata kwamfuta, ko juyowa ba ta yi ba. "A nan kake ba ni haƙuri? Nan ni da kai ne. Can mutum biyar suka ji."

Ranar Litinin na je na faɗi komai a gabansu. Malam Cornelius ya saurara har ƙarshe.

"Da ka zo da wuri," in ji shi. "Jiya a coci wata mai makaranta a Zabi ta tambaye ni ko ta ba yarinyar aiki. Na ce ta nemi wani."