Shafin da Aka Liƙe a Littafin Rawar Mutuwa

A birnin Lübeck, wani tsoho mai suna Ansgar ya kawo wa Hedwig, mai gyaran littattafai, tsohon littafin rawar mutuwa da ya gada. A kowane zane, ƙwarangwal na jan wani zuwa rawa: sarki, likita, manomi. Hedwig ta ga an liƙe shafuka biyu, ta raba su da tururi. Zanen ƙwarangwal na jan mai gasa burodi ne a ciki, an ƙara masa gashin baki da tawada.

"Baba, wa ya yi wannan ɓarna?"

Ansgar ya daɗe yana kallo. "Gashin bakin kakana ne, shi ma burodi yake gasawa. Kullum cikin faɗa suke da kakata, wannan kuwa aikinta ne." Ya gyara tabarau. "Kada ki goge, 'yata."