Wayar Malam Mainassara

Ana tsakiyar awon jarirai a asibitin da take aiki a Magarya saƙon ya shigo wayar Nafisa. Wani abokin hira na kula da lafiya da ta saka wa mahaifinta a waya ne ya aiko: ƙafafun Malam Mainassara sun kumbura, numfashi yana yanke masa ko 'yar tafiya ya yi, ba ya iya kwanciya sai a jingine, a gaggauta kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta buƙatar a fassara mata. Zuciya ce. Ta bar wa abokiyar aikinta ma'auni, ta tare kabu-kabu sai garinsu Bande.

Tun da aka ce tsohon yana da hawan jini ta saka masa abin. Murya ce kawai a cikin waya, mai Hausa tas. Kullum da safe ta gaishe shi, ta tambayi abin da ya ci, ta lallashe shi ya rage gishiri ya taka da ƙafa zuwa gona, sannan ta aiko wa Nafisa bayani. Bayanin kuwa mai daɗi yake zuwa: yana tafiya sosai, yana cin kaɗan, ya bar nama. Har alfahari take yi da shi a wurin aiki. Duk wanda ya san Mainassara da tsire ya san da walakin a wannan labari, amma ita 'ya ce, abin da take so ta ji ne ta ji.

Da ta sauka a ƙofar gida, sai ga majinyacin nata a gindin darbejiya, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, takardar tsire a gabansa, yaji har a gemu, yana ƙyalƙyala dariya da abokansa.

"A'a, Likita! Lafiya da rana tsaka?"

Ta durƙusa, gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Idonta na kan ƙafafunsa, ga su nan busassu, sirara, yadda ta san su.

"Baba, ina kumburin?"

"Wane kumburi? In na ciki ne, wannan aikin tuwo ne."

"Wayar ta ce ba ka iya numfashi."

"Wannan sarkin surutun? Ai tun kafin shuka na rabu da shi. Kada ka ci wannan saboda tansiyo, wai hawan jini, kada ka ci wancan, sai ka ce shi ya haife ni. Yana can rataye a ɗakin uwarki."

Nafisa ta miƙe a hankali. To wa ke tafiyar? Wa ya kasa cin abinci duk watannin nan, ita tana can tana murna? Ba ta san lokacin da ta wuce zaure ba.

A bakin ɗakin mahaifiyarta, Lubabatu, ta tsaya cak, domin hira ta jiyo. Nan take ta gane abin da ya faru. Lubabatu ba mace ce da za a yi gaisuwa a ɗakinta ta bar ta a ƙasa ba, ko da ba sunanta aka kira ba. Ta amsa rana ɗaya, ta amsa rana biyu, har abin ya zama sabo, ita kuma wayar ba ta san mai gida ya canza ba.

"Malam Mainassara," in ji muryar, "wannan ba abin jira ba ne. Ka yi magana da 'yarka yau."

Lubabatu ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. "Kai dai ba ka da kunya, shi ya sa nake son hira da kai. Da wane baki zan ce wa Nafisa ta duba mini jiki? Ita ce ta fari fa. Ka bar ta ta yi aikinta."

Nafisa ta dafa bango. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. 'Yar fari ce, a hannun kakarta ta tashi, tsakaninta da uwarta sai gaisuwa, ita ma fuska a kauce. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ana yaba Lubabatu da riƙe ta. Yau ga shi wannan kunyar tana neman ranta, kuma abin da ta kasa faɗa wa 'yar da ta haifa, ta zazzage wa wayar da ke rataye a ƙusa.

Nafisa ta yi sallama ta shiga. Lubabatu tana jingine da bango, da sauri ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta juya fuska.

"Inna, ina wuni? Yaya jiki?"

"Lafiya lau. Ke, akwai fura a ƙwarya."

Nafisa ba ta ko kalli ƙwaryar ba. Ta durƙusa ta yaye zanen, abin da ba ta taɓa yi ba. Ƙafafu ne kamar turame, fata har sheƙi take. Ta danna babban yatsa a ƙauri ta ɗaga, ramin ya tsaya bai koma ba.

"Innalillahi. Inna, tun yaushe?"

Lubabatu ta ƙara kau da kai, numfashi na fita da ƙyar.

"Don Allah ki yi mini magana. Yanzu zan nemo mota mu tafi Magarya. Za ki je?"

Lubabatu ba ta juyo ba. Ta lalubo wayar, ta kai ta dab da bakinta, alhali 'yarta na durƙushe a gabanta, hawaye na ɗiga a kan ƙafar.

"Kai," in ji ta, "gaya mata zan je. Gaya mata tsoro nake ji, kada ta bar ni ni kaɗai a can."