Gurbi Ɗaya a Otal

Erlinda na tsinkar zogale a bayan gidansu na unguwar Kalihi wayarta ta yi ƙara. Keala ce, shugabar masu gyaran ɗakuna a otal ɗin da ya sallame su tun farkon annoba. Manang take ce mata don girmamawa, wato yaya a yaren su Erlinda.

"Manang Erlinda, za a buɗe hawa biyu. Kin san dokar da majalisar birni ta yi, wanda ya fi daɗewa a aiki shi ake fara kira. Saura gurbi ɗaya, kuma naki ne."

"In na ce a'a fa?"

"Sai sunanki ya fita daga layi, a ba na bayanki. Kin kuma san wane ne."

Ta sani mana. Ga shi can a kicin, ya kasa kunne ta taga yana yi kamar wanke shinkafa yake. Rufino ne, mijinta. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki a otal ɗin, can unguwar Waikiki ta bakin teku, da ƙuruciyarsu. Shi ya ga yarinya ta shigo a jiƙe da ruwan sama, ya ce ta wuce gabansa a layi. Wannan ɗan ladabin ya sa ta zama gaba da shi a aiki, kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba.

Dole ɗayansu ya koma, don inshorar lafiyarsu ta kusa yankewa, ga Erlinda da asma. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, cutar nan in ta kama ƙirji irin nata, sai dai addu'a.

"Baket, ba za ki je ba," in ji Rufino tun kafin ta ajiye kwano. Baket yake kiranta, wato tsohuwa a yarensu, ita kuma tana ce masa Lakay, wato tsoho.

"Lakay, ni aka kira ko kai?"

"Matakalar coci ma sai kin tsaya hutawa, ƙirjinki na kukan kyanwa."

"Kai fa? Gado ɗaya sai ka yi ta shafa shi kamar mai lallashin jariri. In na gama ɗaki biyar kana na biyu."

"Ai nawa ba a taɓa kawo ƙara ba."

"Don ina bi ta bayanka ina gyarawa!"

Da a ce ya rama, da ta ji daɗi. Sai ya goge hannu ya fita.

Ta ɗora miya tana mita ita kaɗai. Gaskiyar magana, son aikin nan take yi. Tana kewar keken da take turawa a hawa na tara, da tekun da take leƙawa in ta yaye labule, da matan da suke baje kwanukan abinci tare da rana, kowa na sa hannu a na kowa. A shekarunta, in ta bar layin nan ba wanda zai sake ɗaukarta. Kuma me ya sa sai ita za ta haƙura? Ta tabbata zaman gida ne ya ishi tsohon, shi ne ya fake da ƙirjinta.

Abinci ya nuna, ta kira shi bai amsa ba. Can ta ji ana jan wani abu a ƙasa. Ta same shi a gareji yana haki, ya ture kayan kamun kifi gefe, ya jawo tsohuwar katifar 'yarsu.

"Wannan kuma wane sabon hauka ne?"

"In ni na koma, nan zan riƙa kwana. In na sauka daga bas, in yi wanka da tiyo a waje, ki ajiye min abinci a bakin ƙofa. Ba abin da zan shigo miki da shi."

"Kai da ko fitila aka kashe sai ka lalubo hannuna? Sauro ma ya ishe ka."

"Zan saba."

"To in ni na koma fa?"

Ya daɗe yana kallon katifar.

"In ke ce, ba ni da wata dabara, Baket. Na yi tunani har na gaji."

Tausayinsa ya kama ta, da haushin kanta. Ta koma ƙarƙashin zogale ta kira Keala, ta ce ta haƙura da gurbin. Ba ta ja magana ba, don ta san in ta ja muryarta za ta tona mata asiri. Keala ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Sannan ta tsaya nan har idonta ya bushe.

Da ta dawo gareji, wayar Rufino na ƙara a aljihunsa, shi kuwa ya tsaya riƙe da matashin kai yana kallonta. Ya riga ya shimfiɗa zanen gado. Ta duba kusurwoyin, ta kama zanen ta fizge shi gaba ɗaya.

"Haka za ka je ka kunyata ni a hawa na tara? Ɗauki wayarka, Lakay. In ka gama ka zo ka kama min wancan gefen."