Gaisuwar Mutuwar Ozella

Verlon Stidham mahaƙin kwal ne a duwatsun Kentucky ta ƙasar Amurka, amma zuciyarsa na wurin jita. Ko a ƙasan rami baitoci yake haɗawa, ya fito baƙi ƙirin yana rera su. Matarsa Ozella kuwa ta gaji, don ya fara gudun aiki saboda waƙa.

"Maigida," ta ce, "wannan da ka kai gidan rediyo ita ce ta ƙarshe. In ba wanda ta taɓa, ka rataye jitar nan a ƙusa, ka koma raminka."

Ya yarda. Abin da bai faɗa mata ba, waƙa irin tasu ba ta daɗi sai an yi mutuwa a ciki, kuma ba sunan da ya hau karin kamar nata.

Ran Asabar da safe aka sa waƙar. Ozella na lambu tana tsinkar wake, ba ta ji ba. Verlon na zaune a baranda yana sauraro.

Can sai ga maƙwabciyarsu Goggo Hettie, sarauniyar rowa, cikin baƙaƙen kaya, rungume da kwanon soyayyiyar kaza. Bayanta mata ne da burodin masara da dafaffen dankali, don a nan ba a zuwa gidan rashi hannu rabbana. Har da Fasto, Littafi Mai Tsarki a hammata.

"Sannu, ɗan nan, sai haƙuri," in ji Goggo Hettie tana share hawaye. "Jiya-jiya fa na gan ta! Shi ne ba ka aiko ba, sai a rediyo za mu ji?"

Kafin ya buɗe baki, sai ga Ozella da kwandonta. Goggo ta ƙwalla ƙara, amma ba ta saki kazar ba.

"Wa ya mutu?" in ji Ozella.

Fasto ya yi gyaran murya. "Ke ce, 'yar'uwa. Zazzaɓi, in ji waƙar."

Ta juyo kan mijinta. "Kai, shaƙiyyi! Kashe ni ka yi?"

"Amma ai na yi miki kuka sosai a baitin ƙarshe."

"Rera in ji."

Ya ɗauko jita ya rera. Ozella ta goge ido da bayan hannu, sannan ta dubi kwanon Goggo.

"Hettie, da ko gishiri ba ta ba mutum, ta yanka mini kaza? Verlon, jitar nan ba za ta ga ƙusa ba."

"Tunda kina da rai, a ba ni kazata," in ji Goggo.

"Ta mamaciya ce, Goggo, kuma mamaciyar yunwa take ji."

Aka ci, aka sha, har Fasto ya taka rawa. Daga baya Verlon ya kai Nashville, birnin mawaƙa, ya yi suna, littafin waƙoƙinsa ma ya fito. Ya sake kashe Ozella a waƙa ba adadi, sai dai tun daga ranar ita ke zaɓar cutar da za ta kashe ta.