Ƙwaryar da Kulu Ta Wanke

Shekara talatin da ɗaya Hajiya Kulu tana gasa gurasa a unguwar Madabo cikin Kano, kuma duk wanda ya ci sai ya yaba, ban da mutum ɗaya. Surukarta 'Yardada, wadda ta koya mata sana'ar, in an kai mata sai ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, "Sannu da aiki," ta ture faifan gefe. Ba ta taɓa ƙara ko kalma a kan haka ba. Kulu kuwa ta san dalili, don da hannunta ta yi ɓarnar.

Kwananta tara da tarewa a gidan ta ga wata tsohuwar ƙwarya a bayan tanderu, an rufe da faifai, cikinta guntun kwaɓi ya yi tsami har yana kumfa. Kun san amarya da son a ce tana da tsafta. Ta kankare ƙwaryar tas, ta sa mata soso da sabulu, ta kife a rana, ta koma gefe tana jiran yabo. Ashe wannan guntun kwaɓin shi ake kira uwa a gidan. Daga jikinsa ake ɗiba a tayar da kwaɓin yau, a bar saura, a ciyar da shi da gari da ruwa don gobe. 'Yardada ta gaje shi daga kakarta, ita kuma an ce wajen matar wani Balaraben fatake ta samo. Garin neman gira an rasa ido. Tsohuwar ta zo ta tsaya a kan ƙwaryar, ta dube ta, ta dubi amarya, ta ɗauka ta shige ɗaki. Maƙwabta a lokacin duk sun koma yis na kanti, babu inda za a roƙo wata, sai gidan ma ya bi sahu.

Da zagi 'Yardada ta yi, da tuni an manta. Shirun nan ne ya zauna wa Kulu a ƙirji. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma, ta yi furfura, amma in ta shiga gaban surukarta da faifan gurasa sai ta ji ta koma amaryar kwana tara. Ga shi tsohuwar ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, ido ya fara dushewa. Kulu tana tsoron a rabu ba a taɓa buɗe maganar ba.

'Yarta Bahijja tana aikin jinya a Ingila. Duk zamanin soja ta yi ta neman wa uwarta takardar zuwa, abu ya gagara. Shekara guda da komawar sojoji bariki sai ga biza ta fito, Bahijja ta ce wannan karon hutu za a yi na gaske: kwana bakwai cikin jirgin ruwa a Bahar Rum, a kwana ana tafiya, a wayi gari a wata ƙasa.

Kulu ta ce, "Wato jirgin ba wani gari zai kai mu ya sauke ba? Inda muka hau nan za mu dawo?"

"Nan za mu dawo, Umma."

"To, Allah ɗaya, gari bamban."

Gani ya kori ji. Jirgin nan unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa, bene hawa goma sha ɗaya, da kantuna, da kududdufin wanka a can sama inda tsofaffi sa'anninta suke shanya jikinsu a rana. Kulu ba ta da kunyar tambaya. Ina suke samun ruwan sha alhali na teku gishiri ne? Ina ake zubar da shara? Wa yake tuƙi in direban yana cin abinci? Har Bahijja ta gaji ta fara ƙirƙiro amsa. Abin da ya fi ɗaure mata kai alƙibla ce, don kullum ta shimfiɗa darduma sai an nuna mata wata kusurwa daban.

Wurin cin abincin dare an ba su teburi mai lamba, su shida da wasu Turawa, kowa da cokula masu yatsu har uku a gabansa, kamar baki uku gare shi. Bahijja kan zaɓa musu kifi don gudun shakka. Kulu kan zaro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa, har wani dattijo a teburin ya roƙa ya ɗanɗana, ya yi ta tari yana ɗaga mata babban yatsa. Amma hankalinta yana kan kwandon burodi. Kowanne sai ta tsaga, ta shinshina, ta danna da yatsa ta ga ko zai dawo. Kwana biyu tana haka mai kawo abinci ya je ya kira mata mai gasa burodin, wani ƙaton Ba'indiye mai farar hula. Ya kai su ya nuna musu inda yake gashi, wani akwatin ƙarfe mai ƙofofi, babu itace, babu hayaƙi. Kulu ta yaba masa, amma a ranta ta ji tausayinsa, mutum yana gashi bai taɓa ganin wutarsa ba.

A gari na farko da na biyu sun bi motar da jirgin ya tanada, tare da wata mai jagora da ke ɗaga lema a gaba, su kuma suna biye. Kangaye aka yi ta nuna musu ana faɗin shekarunsu. Ranar da suka wayi gari a Tunis, Kulu ta ce ita kam ta gama.

"In tsohon bango ne, akwai a Ƙofar Mazugal. Ni mutane nake son gani. Mu fita da ƙafarmu."

Bahijja ta ce, "Umma, in muka fita mu kaɗai, jirgin ba zai jira mu ba. Ƙarfe biyar zai tashi."

"Mai tambaya ba ya ɓata."

Suka hau tasi zuwa tsohuwar kasuwa. Lungunan sun yi mata kama da na kasuwar Kurmi, sai dai an shafa farar ƙasa. Ta taɓa takalman fata, ta shinshina turare, ta gwada ɗan Larabcin da ta tsinto a Makka, masu kantuna suna dariya suna gyara mata. Bayan azahar suka ɓulla ta bayan kasuwa inda gidaje suka fara, Bahijja tana cewa a juya. Nan Kulu ta ja ta tsaya. Hayaƙin itace ne ya bugi hancinta, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙamshi mai ɗan tsami da rabonta da shi tun tana amarya. Sai ta bi shi kawai.

A wani ɗan tsakar gida da ƙofarsa ke buɗe, wata mata mai kamar shekarunta tana durƙushe gaban tanderu. Tanderu sosai, na yumɓu, mai faɗin baki. Ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗauko curin kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafi, ta zura hannu ta manna a bangon ciki. Kulu ta yi sallama, matar ta amsa tana mamaki. Ba a yi wata doguwar magana ba, don babu harshen yin ta. Kulu ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta naɗe hannun riga, ta jiƙa tafinta, ta ɗauki curi ta manna. Matar ta leƙa ta ga ya zauna daram, sai ta fashe da dariya ta matsa mata wuri.

Da gurasar farko ta fito, Kulu ta gutsura ta sa a baki, idonta ya kawo ruwa. Ta yi nuni da kwaɓin, ta yi alamar kumburi da hannu, ta ɗaga gira. Matar ta gane. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon kasko a rufe da tsumma, bakinsa duk busasshen kwaɓi, da gani an yi shekaru ba a wanke ba. Ta nuna kanta, ta nuna bayanta sau uku, wato uwa, da kaka, da ta gaba da kaka.

Kulu ta ce, "Bahijja, roƙa min."

"Da wane yaren, Umma? Kuma huɗu saura kwata."

Kulu ta miƙa tafukanta biyu kawai. Matar ta dube ta jim kaɗan, ta ɗauko kofin shayi, ta cika shi rabi, ta rufe da tsumma ta ɗaure. Kulu ta ba ta ƙullin yajinta gaba ɗaya. Yadda suka sami tasi da yadda direban ya yi ta kutsawa, Bahijja ce ta san wannan, don ita ke kallon agogo tana salati. Su ne na ƙarshe da suka taka matakalar jirgi, kuma Bahijja ba ta yi wa uwarta magana ba har magariba.

Uwar kwaɓi kuwa rai gare ta, sai an ciyar da ita kullum. Kulu ta aika 'yarta wajen mai farar hula neman gari. Ya zo da kansa, ya buɗe tsumman, ya shinshina, ya lumshe ido. Ya ce ko za ta sam masa kaɗan ya gwada? Gaskiya rowa ta taso wa Kulu, don abin ba yawa. Amma kwana huɗu tana cin burodin mutumin nan, ga garinsa a hannunta. Ta ɗebar masa cokali guda tana jin kamar naman jikinta take yanka.

Ta ajiye kofin a kan kantar ɗakinsu. Safe da yamma sai ta buɗe ta ga ƙananan kumfa suna tasowa, ta ji daɗi har cikin ranta.

Rana ta shida suka dawo daga cin abincin rana suka tarar da mai gyaran ɗaki tana ƙarasa aiki, wata dattijuwa mai fara'a da kullum take naɗe musu tawul kamar tsuntsu. A kan kantar ɗakin ga kofin nan a kife, yana ƙyalli, an wanke tsumman an shanya a gefensa. Matar ta nuna shi, ta toshe hanci da wasa, sannan ta yi murmushi tana jiran a yaba mata.

Kulu ta ƙura wa kofin ido. Faɗa ya taso mata har maƙogwaro, ta buɗe baki, sai ta dubi fuskar matar. Babu komai a fuskar nan sai murnar wadda ta yi abin kirki. To, me za ka ce wa irin wannan fuskar? Duk kalmar da ta zo mata, ta san in ta fita za ta ƙona baiwar Allah a kan laifin da ba ta san ta yi ba.

Ta ce, "Sannu da aiki."

Tana jin kalmomin sun fito daga bakinta ta zauna a bakin gado. Shekara talatin da ɗaya tana ɗaukar shirun 'Yardada hukunci ne. Bai taɓa zuwa mata ba cewa tsohuwar haɗiye abin ta yi don kada ta karya zuciyar yarinya. Ta yi kuka sosai, Bahijja tana lallashi, tana zaton duk kukan na kofin ne.

Da daddare ba ta taɓa kifinta ba. Ana cikin kwashe faranti sai ga mai farar hula ya ratso tsakanin tebura, yana ɗauke da ɗan burodi mai zafi a faranti, ya zo nuna mata abin da cokalinta ya haifa. Bahijja ta gaya masa abin da ya faru. Ya juya ya fita, ya dawo da kwalba cike da kwaɓi har tana neman tumbatsa. Kwana biyu yana ciyar da nasa a ɗumin kicin. Kulu ta rungume kwalbar, kuma daga nan har Kano, jirgin ruwa da na sama, ba ta ƙara ajiye ta inda idonta ba ya kai ba.

Kwana uku da dawowarta Madabo, bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, ta tayar da kwaɓi ba yis, ta hura tanderu. Ta zaɓi gurasar da ta fi kyau ta sa a faifai, ta ɗauki kwalbar, ta shiga ɗakin surukarta ta durƙusa.

"Inna, ga tsarabarki."

'Yardada ta laluba ta gutsura. Kafin ta kai baki ta tsaya, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta tauna, ta haɗiye, ta sake gutsura, abin da Kulu ba ta taɓa gani ba.

"Ina kika samo?"

Kulu ta ba ta labari tun daga hayaƙi har kofin da aka wanke. Da aka zo nan tsohuwar ta yi 'yar dariya, ta ce, "Me kika ce mata?"

"Sannu da aiki na ce, Inna."

'Yardada ta gyaɗa kai. Ta ƙara taunawa, ta ce, "Ba ita ba ce. Tamu ta fi wannan tsami." Tsohuwar ta ci gaba, "Baƙuwa ce, ba ta sha ruwan rijiyarmu ba tukuna. Ki ba ta shekara goma, za ta zama 'yar gida. Zura hannu ƙarƙashin gadon nan."

Kulu ta zura hannu ta jawo wani ƙullin zane. Ta kwance, sai ga ƙwaryar, tas kamar ranar da ta kife ta a rana.

'Yardada ta ce, "Ni ba zan ga shekara goman ba. Juye a ciki. In kin yi suruka, ki gaya mata tun ranar da ta tare. Ni ce ban gaya miki ba."