Ƙugiya Ɗaya a Tallan Madara

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ba doguwa ba ce.

Ina tsawo? Ku dai gyara zama.

Akwai wani dattijo, shekara talatin yana karanta tallace-tallacen talabijin. Sabulu, batir, maganin sauro, duk da muryarsa aka sayar da su. Ba wanda ya san fuskarsa, amma ya buɗe baki a motar haya sai kowa ya waiwayo. A wurin aiki Baba Murya ake ce masa. Kafin ya shiga ɗakin ɗaukar sauti, wanda aka manne bangonsa da soso, sai ya kurɓi ruwan ɗumi, ya zaro jan biro, ya bi takardar layi-layi yana gyara.

Sai zamani ya juya. Talla ya koma cikin waya, gajere, daƙiƙa goma sha biyar an gama. Kamfanin da yake wa aiki ya kawo wata manhaja ta kwamfuta, aka zaunar da Baba ya karanta mata shafi hamsin, ta haddace muryarsa tsaf. Daga ranar, abin da aka rubuta mata shi take faɗa. Wata uku ba a neme shi ba.

Ran nan darakta ya kira shi ya zo ya sa hannu, don a saki tallan farko da na'urar ta karanta. Na madarar yara ne.

"Baba, zauna ka ji kanka," in ji darakta. "Ba tari, ba ruwan ɗumi, ba a sake ɗauka."

"To, madalla. Ita ma tana zuwa a makare?"

"Ai ko gaisuwa ba ta tsayawa yi."

Yarinyar da ke haɗa hoto da sauti ta danna. Ga yaro yana tsalle a kan ciyawa, ga uwa riƙe da kofi, ga kiɗa. Sai muryar Baba ta fito, mai taushi kamar a kwanta a kai: "Madarar da ke ƙara wa yaranku ƙarfin kashi."

Nan take kunnen Baba ya kama kuskuren. An rubuta takardar a waya, ba ƙugiya a kan haruffa. Manhajar ta gane ƙara, ta gane ƙarfi. Da ta iso ƙashi, na jikin mutum, sai ta ga ai kashi ma kalma ce, ta bar shi yadda ta same shi. Darakta da yarinyar kuwa sun ji shi sau arba'in, idonsu na kan agogo da launin kofi, kunne ya mutu.

Kun ga inda yake. In ya ja bakinsa, gobe tallan ya fita, jibi gari ya ɗauka, na'ura ta sha kunya, a dawo ana lallashinsa. Aikinsa ke nan ya dawo. Amma wa zai ce na'ura ce? Masu shagon layinsu, surukansa, jikokinsa a makaranta, kowa muryarsa zai ji.

Ya riƙe biron darakta a kan takarda, bai rubuta ba.

"'Yata, maimaita min ƙarshen. Cire kiɗan."

Ta cire, ta maimaita. Sai ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Mene ne?" in ji darakta.

"Ranka ya daɗe, madarar nan taku, ƙashi take ginawa ko ciki take ɗaurewa?"

Darakta ya saurara sau ɗaya. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur. "Innalillahi. Da azahar masu madarar za su zo."

"Sai ka tanadar musu buta."

"Baba, don girman Allah, shiga ɗaki ka karanta mana da bakinka."

Baba ya miƙe, har ya fara gyaran murya. Yarinyar ba ta ɗago ba, ta ce, "Ba sai ya shiga ba." Ta goge harafi ɗaya, ta sa mai ƙugiya, ta danna. Muryar ta ce ƙashi, daram, yadda shi kansa zai faɗa.

Baba ya koma ya zauna, ya sa hannu.

"Sauran tallan nawa ne a layi?" ya tambaya.

"Tara."

"Kawo takardun." Ya laluba aljihu ya zaro jan bironsa.

Tallan ya fita, madara ta sayu, masu ita ba su taɓa jin labarin ba. Darakta ya hana a rubuta takarda a waya. Yarinyar ta bar su bayan shekara, ta buɗe wurinta. Baba Murya kuwa Litinin da Alhamis yake zuwa, ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana sa wa haruffa ƙugiya, kuma bai sake karanta talla da bakinsa ba.